Ranar da Birin Kawuna Ya Gaishe da Kakata

Ƙarar sarƙa a jikin turke, ita nake fara tunawa. Shekarun baya ne, lokacin cirar gyaɗa, na dawo hutu daga jami'a zuwa ƙauyenmu da ke kusa da Tsanyawa, na tarar da jan biri ɗaure a gindin darbejiyar gidanmu. Wani direba ne ya ba kawuna shi a kasuwar Dawanau. Bai yi mako biyu ba ya kwance, ya hau soro, ya watsar da gyaɗar da aka shanya. Kawuna ya ce shi kenan, masu wasan biri zai ba wa. Ni kuwa na taɓa ganin yadda suke sa biri rawa da bulala a kasuwa, sai hankalina ya tashi.

Ban daɗe da karanta labarin masu binciken da suka koya wa gwaggon biri magana da hannu, irin ta kurame ba. Na tsaya a tsakar gida na zayyana musu, har da ɗaga yatsa kamar malamar aji. Na roƙi kawuna ya ba ni wata guda, zan sa birin nan ya yi magana. Ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce kakata ce alƙali.

Kakata tana ɓarar gyaɗa, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ni ba na son dogon turanci, 'yar boko. In ya gaishe ni, a bar shi."

Na sayi sabon littafi, na tsara alamu uku: hannu a baki abinci, tafin hannu biyu a haɗe ruwa, durƙusawa gaisuwa. Ta abinci ba ta wahalar da ni ba. Matsalar dai, wannan alamar yake yi wa komai: ruwa, kaza, har da birona. Gaisuwa kuwa ya ƙi. Kullum sai na durƙusa a gabansa ina cewa ina kwana, shi kuma yana sosa ciki. Matan maƙwabta suna leƙowa ta katanga, suna cewa karatu ya yi mini yawa, yanzu birai nake gaidawa.

'Yar yayata, wadda ba ta cika shekara biyu da rabi ba, tana zaune kusa da mu tana wasa da ɓawon gyaɗa, ba wanda yake koya mata komai. Wata rana ta dubi birin ta ce ba shi da takalmi. Can kuma ta ja zanena: "Ina mamansa?" A littafin birin na rubuta maganarta.

Ranar da wata ya cika, bayan la'asar, aka taru. Kakata ta zauna a tabarma. Na yi wa birin alama, ya juya mini baya. Na sake, ya kama wutsiyarsa yana dubawa. Kawuna ya fara gyara tsayuwa. Sai kakata ta yi gyaran murya, birin ya matso gabanta, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai.

"Lafiya lau, Malam. Ya gajiya?" in ji kakata.

Gida ya ɗauki dariya. Kawuna ya cika alƙawari, ya haɗa masa babban keji a inuwa. Ni kuwa na yi kwanaki ina tafiya kamar wata farfesa.

Yanzu in na tuna, ba durƙuson ne yake taɓa ni ba. Birin ya iya roƙon abin da yake gani, kuma wannan ma ba ƙaramar basira ba ce. Amma yarinyar ta tambayi labarin uwar da ba ta taɓa gani ba, don kawai ta ji tausayi. A nan nake ganin kyautar da Allah Ya yi wa ɗan'adam.

Sai bayan na gama bautar ƙasa mahaifiyata ta gaya mini gaskiya. Ashe kullum in na tafi rijiya da safe, kakata takan zauna gaban birin da ƙuli-ƙuli a hannu, ta yi gyaran murya, ba ta ba shi sai ya durƙusa. Ta ce ba za ta bari jikarta ta ji kunya a gaban matan unguwa ba.