Shaidar Mai Gidan Burodi

Da tanda ɗaya Uwar Biyu ta fara gasa burodi, a bayan ɗakin da take haya. Ita ke kwaɓa fulawa, ƙanwarta na shafa wa gwangwanaye mai, hayaƙi na sa su hawaye suna ta dariya. Kafin tagwayenta su gama makaranta, ta mallaki gidan burodi mai injin kwaɓi da motocin rabawa.

Mace ce mai kyauta, ba ta fashin sujada. Matsalarta bakinta. Duk ranar da aka ba da damar shaida a majami'a ita ce kan gaba, zobba na walƙiya a yatsunta.

"Ku dube ni," ta ce wata Lahadi. "Wanda ya riƙe Ubangiji da gaskiya ba ya yawo da tsohon takalmi."

Ƙanwar na zaune a layin baya, mijinta ya rasa aiki tun bara. A hankali ta janye ƙafafunta ƙarƙashin benci.

Da aka tashi, matar fasto ta ja Uwar Biyu gefe.

"'Yar'uwa, iya karatuna ban ga inda nassi ya tsine wa dukiya ba. Abin da yake ja mana kunne a kai shi ne mutum ya ɗauki arzikinsa hujjar cewa ya fi wani a wurin Allah."

"Mama, albarka ce, ba zan ɓoye ba," ta amsa tana kaɗa makullin mota. A ranta kuwa cewa ta yi hassada ce.

Ƙanwar ta ɗauke ƙafa daga gidan burodin. Idan an aika mata da kaya, sai dai ta bugo waya ta ce, "An gode, Yaya," shi ke nan. Ciwon ƙoda ya kama ta, ta hana mijinta faɗa wa kowa. Sai da aka kwantar da ita a asibiti labari ya iso.

"Haba, ina raye ki ɓoye mini?" Uwar Biyu ta tambaya, ta riƙe hannunta da ya kumbura.

"Tsoro na ji, Yaya. Kada ki ce wani zunubi na yi."

Uwar Biyu ta tara manyan likitoci, amma an makara.

Gidan burodin na nan, har ya yi reshe. Uwar Biyu ta tsufa, ita ke riƙon 'ya'yan marigayiyar. Autarsu ta taɓa tambayarta wace irin mace ce mahaifiyarsu. Ta buɗe baki za ta amsa, kuka ya ci ƙarfinta, yarinyar ce ta koma tana rarrashinta.