Wanzamin Fassi da Sabuwar Waya

Malam Shitu wanzami ne a Fassi. Gadon sana'ar ya yi, kuma tun zamanin kakansa su ne ke askin jarirai a gidan Alhaji Bello na Madachi. A da, in an haihu, goro ake aiko masa ƙunshe cikin ganye. Da waya ta zo sai ya sayi ƙarama mai tocila. Ko yana ƙuryar ɗaki kira zai same shi, ya rataya zabira ya kama hanya.

Bana ɗansa Mahdi ya karɓe ƙaramar, ya ba shi babba ta shafawa, wai ita ce mai sauri. Tun daga nan Malam Shitu bai ƙara zama wuri ɗaya ba. Mutane sun daina kira, sai saƙon murya, saƙon kuwa sai ya tsaya yana ta juyi, ya ƙi buɗewa.

Wata Laraba da sassafe ya ga saƙo daga gidan Alhaji Bello. Ya ji labarin an haihu a gidan, amma bai san ranar suna ba. Ya kira lambar, a kashe. Ya fita tsakar gida ya ɗaga wayar sama, ya koma ƙofar masallaci, ya dawo. Daga ƙarshe ya hau dutsen bayan gari, inda shi ne ya fara gano sabis shekarun baya. Ya tarar da samari maƙil, kowa ya sunkuya kan wayarsa yana kallo.

"Baba Wanzam, kai ma ka zo ɗiban ruwa?" in ji Muntari mai cajin waya. "Duk garin nan sabis ɗaya muke rububi. Sabon sabis ɗin nan kuma ba ya ratsa dutse da katanga kamar tsohon."

"To, saurin da aka ce fa?"

"Yana Kano."

Malam Shitu bai yi dariya ba. In yau ne suna kuma wani ya sa aska a kan jaririn, gidan ya fita hannunsu ke nan. Ya sauko, ya ɗauki zabira, ya tare ɗan acaɓa.

Rana ta ɗaga lokacin da ya isa Madachi. An riga an yanka rago, ga wani wanzami daga Rano a zaure yana wasa aska. Amma Hajiya Dije, kakar jaririn, ta rungume yaron a bakin ƙofa ta hana a taɓa shi.

"Shitu, sai yanzu? Ubanka da ƙafa yake zuwa, bai taɓa makara ba."

"Hajiya, shi goro ake kai masa."

Ya zauna kan tabarma, ya jiƙa kan yaron, ya yi bismillah. Ya gama yana goge askar, wayar ta yi ƙara a aljihunsa, ya ciro ta, saƙon ya buɗe. Muryar Alhaji Bello ce: "Malam Shitu, gobe Laraba suna, ka zo da wuri."