Cittar da na samo wa Kaka

Ranar wata Asabar ce a watan Mayu, mako biyu da haihuwar ƙanena, na faɗo kicin ɗinmu na unguwar Plumstead a Landan da gudu, gwiwoyina duk taɓo, na ɗora wa Kaka wata siririyar saiwa a tafin hannu. Ta karya ta, ta kai hanci, ta lumshe ido ta daɗe. Shekarata tara a lokacin, kuma ranar na fara ganin tsohuwar nan ta rasa abin kushewa a ƙasar Ingila.

Kaka ita ta haifi Mama, ta zo daga Kaciya don ta yi wa 'yarta wankan jego. Manomiyar citta ce tun tana budurwa, kuma ba ta bari kowa ya manta da hakan. Ruwan zafin famfonmu bai ishe ta zafi ba, sai an ƙara da na buta, ni ce mai jigilarsa zuwa sama safe da yamma, ni ce mai shanya kayan jariri. Cittar da ta zo da ita ta ƙare a rabon suna, wadda Baba ya sayo a kasuwar Deptford kuwa ta ɗanɗana ta ture. "Wannan ai rogo ne ya sha ruwa," in ji ta. Ga shi nonon Mama ya ƙi kawowa sosai, jariri na ta kuka, Kaka ta dage cewa rashin kunu mai yaji ne. Ni kam ba ta ɗauke ni a bakin komai ba. Ana mini Hausa ina amsawa da Turanci, ban iya riƙon tsintsiya ba, don haka Baturiyar gida take ce mini, abin kuma yana mini ciwo ƙwarai.

A bayan layinmu akwai wani kurmi inda muke wasan ɓuya in an tashi daga makaranta. Can ƙarƙashin manyan itatuwa, inda inuwa ta hana ciyawa fitowa, wani tsiro ya shimfiɗu kamar tabarma, ganyensa kore shar mai sheƙi da siffar ƙoda. Idan ka ɗaga ganyen sai ka ga ƙananan furanni masu ruwan ƙasa kwance a ƙasa, tururuwa na shiga da fita. Ranar Asabar ɗin a kansa na kwanta ina ɓuya, hannuna ya tsinko saiwar, sai ƙamshin citta ya buge ni.

Washegari Kaka ta ɗaura zane a kan rigar sanyi, ta ɗauki wuƙar kicin a madadin fartanya, na shige gaba. Ta lura ganyen ba na citta ba ne, don citta a tsaye take fitowa, saiwarta ma ba ta sirancewa haka. Amma ta sake shinshinawa ta ce, "Kowace ƙasa da irin tata." Ta nuna mini yadda ake haƙa gefe a bar uwar ta sake yaɗo. Muka wanke, muka tsaga, muka shanya a kan hitar ɗumama ɗaki kwana uku, ta daka a ɗan turminta. A kwanakin nan ta daina ce mini Baturiya, na koma ƙawarta. Ina sane da cewa malamarmu ta sha gargaɗin mu kada mu kai komai na kurmi baki. Ban gaya wa Kaka ba, saboda daɗin sabon sunan ya fi mini gaskiya.

Ranar Laraba na dawo na tarar an dama kunu, gidan duk ya ɗauki ƙamshi. Mama ta miƙo hannu, sai Kaka ta janye kofin. "Ba a ba mai jego abin da ba a kwana da shi a ciki ba," ta ce. "Naki sai gobe." Ta shanye tas. Ba a yi awa ɗaya ba amai ya kece mata, tun tana tsaye har ta durƙusa, zufa na karyo mata. Baba ya kwashe ta zuwa asibiti da ragowar saiwar a leda. Can aka gaya masa tsiron inuwa ne da ake rufe ƙasa da shi, ƙamshi kawai ya haɗa shi da citta, kuma dafinsa kan taɓa ƙoda. Na ji Baba yana maimaita wa Mama abin da likita ya tambaya: da mai shayarwar ce ta sha fa?

Da aka sallamo Kaka bayan kwana biyu, Baba ya tsaya a gabanta a falo ransa a ɓace. "Mama, wa ya kai ki wurin nan? Ke da ko bas ba ki taɓa shiga ke kaɗai ba." Ina raɓe a bakin ƙofa. Kaka ko kallona ba ta yi ba. "Ni na gano abata," ta ce. "Na tsufa a gonar citta, wa ya isa ya nuna mini?" Daga ranar aka samu abin tsokanarta. Har ta koma Kaciya, har Allah ya karɓi abarsa, da ta buɗe baki kan citta sai wani ya tambaye ta labarin ta Landan. Ta sha dariyar nan shekara da shekaru, ba ta taɓa ambaton sunana ba.

Yanzu nakan kai 'yata kurmin nan, tsiron yana nan ya ƙara faɗi. Ita ba ta shinshina komai. Waya take haska wa ganye, nan take a gaya mata sunansa da illarsa, kuma ina gode wa Allah da hakan. Sai dai nakan tsaya a inuwar in ji kewar Kaka ta cika mini ƙirji. Waya ba ta shanye kofin farko a madadin kowa.