Takardar da Na Hana Istifanus Yagewa

Shekara bakwai ke nan da aka kashe Istifanus a hanyar Kaduna, kuma har yau ban taɓa faɗi a bainar jama'a abin da ya ɗora shi a kan hanyar ba. Ni ne.

Shi mutumin kudancin Kaduna ne, ya zauna da mu a Birnin Gwari yana gyaran kwamfuta da rediyo a wani ɗan shago kusa da kasuwa. Ni kuma a lokacin ina hedimasta. Abokina ne na ƙut da ƙut, shinkafar Kirsimetinsa ba ta wuce gidana, naman layyata ba ya wuce nasa.

Wani ɗan kwangila ya kawo wa makarantarmu kwamfuta guda, da darussan karatu da yara za su riƙa saurare. Aka kunna, hoto garau, amma ko tari ba ta yi. Sai rubutu take fitarwa, wai ba ta ga na'urar sauti ba. Ga shi an aiko mana cewa masu duba makarantu na tafe ranar Litinin.

Kwana biyu Istifanus yana fama da ita. Ya gwada lasifikar a rediyonsa, lafiya lau. Ya sauya waya. Ya goge manhajar da ke haɗa kwamfuta da katin sauti, ya sake zuba wata. Shiru. Daga nan ya share gumi ya ce, "Malam, injin nan bai san ma akwai kati a cikinsa ba. Ina zaton gargadar hanya ce ta zame shi daga mazauninsa. Bari in buɗe in danna shi."

A bakin murfin kwamfutar akwai wata takarda da ɗan kwangila ya manna, an rubuta cewa wanda ya yage ta ya ɗauki alhaki. Na ce a'a, kayan gwamnati ne. Na buga wa ɗan kwangilar waya har na gaji, bai ɗauka ba.

Istifanus ya ce to sai dai ƙaramin katin da ake sokawa ta waje, kuma sai a Kaduna. Ya ƙara da cewa hanya ba kyau a makon nan, a jira. Na ce masa, "Ashe gyaran naka na baki ne." Ya dube ni, ya tattara kayan aikinsa ya tafi. Ranar Asabar ya shiga mota. A dawowa 'yan bindiga suka buɗe musu wuta daga cikin daji.

Masu duba makarantun ba su zo ba. Sun ce hanya ba kyau.

Bayan mun yi kwana bakwai da binne shi, na shiga ofis na yage takardar da farcena. Na kwance murfin, na ga katin a karkace kamar yadda ya faɗa. Na sa babban yatsa na danna, na kunna. Muryar wata mata ta cika ɗakin tana koya wa yara baƙaƙe. Garin neman gira na rasa ido.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. An ce an yi sulhu, motoci na wucewa, kuma waɗanda suka tare hanya jiya suna taya tumatir a kasuwar da ya yi shago. Ba wanda aka tambaya ko ya san Istifanus. Ɗan kwangilar na ji har ya samu wata kwangilar. Istifanus mutum ne mai bin matsala daki-daki har ya gano tushenta, ina jin da zai ce mun rufe ciwo ne ba mu matse shi ba.

Me ya rage nasa? Rediyoyin da ya gyara suna nan suna magana daga nan har Kuyello. Sai 'ya'ya uku, da matarsa Rifkatu da ke soya ƙosai tana ciyar da su. Bara na tattara ƙarfin hali na je na faɗa mata komai. Ta saurare ni har ƙarshe, tana juya ƙosai a mai.

"Na sani, Malam," in ji ta. "Ya gaya mini kafin ya fita. Cewa ya yi kada in riƙe ka, tsoron rasa aikinka kake yi."

Shekara shida ta yi tana gaishe ni da wannan a cikinta. Na riƙe aikin har na yi ritaya.