Layin Ƙarshe a Bayan Rigar Idi

Ranar wata Alhamis, da kasuwar Malanbil ta fara ci, a daminar da na gama aji huɗu, Inna ta kwance dilar gwanjo a tsakar gida, sai wata baƙar riga ta faɗo. A gabanta an zana ƙoƙon kan mutum mai ƙahoni, wuta na fita ta ramukan idanunsa. Kaka ta ja da baya tana a'uziyya. Dama ta daɗe tana cewa gwanjo tufafin matattun Turawa ne, yau ga shaida ta samu. Yayana Idi kuwa wuf ya cafe ta, ya ce rigar masu kiɗansa ce. Yana da wani kaset da direban babbar mota ya kawo masa daga Kwatano, in ya kunna sai ka rantse injin niƙa ne ya haɗiye cokali, wani ƙato kuma yana ihu a ciki. Kaji ma barin gidan suke yi, shi ko sai gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Ni kaɗai ce 'yar lakwal, wato makarantar boko, a gidanmu, don haka ni na karanta bayan rigar. Layi-layi ne: sunan gari, sai rana da wata. Ko gari ɗaya ban sani ba. Na kai wa ƙawayena maganar muna 'yar carafke, nan take muka yanke hukunci: kowane layi mutum ne da ya taɓa sa rigar, ga garinsu, ga ranar mutuwarsa. Layin ƙarshe watan takwas ne, kuma saura kwana tara. Shekarar da aka rubuta a saman layukan ta wuce tuni, amma mai tsoro ina ruwansa da shekara? Ga shi Idi kullum yana kan kogi, yana tuƙa kwale-kwalen kaya zuwa tsallaken Gaya, jan ruwa kuma ya kawo har ya cinye gonakin shinkafar bakin gaɓa.

Na roƙe shi ya daina sa ta. Ya yi dariya ya ce, "Ke Dije, boko ya ɓata maki kai." To, wanki aikina ne. Ranar da ya tuɓe ta, na kai ta bakin kogi, na ƙulle dutse a ciki, na wurga inda ruwa ke juyawa. Na dawo ina jin kaina jaruma, na raɗa wa Kaka. Carbinta ya suɓuce. "Mi kinka yi? Kin ba ruwa rigar mutum da zuhwarshi a jiki? In ruwa ya ji wari, mai ita shi ka biɗa." Garin neman gira na rasa ido. Cikin kwanakin da suka rage kuma Idi ya gano wadda ta ɓatar masa da riga, ya daina yi mini magana.

Da ranar ta zo, tun hantsi na je mashayar kogi na zauna. Hadari ya haɗu daga gabas, iska ta tayar da ruwa, kwale-kwale suna dawowa ɗai-ɗai, babu nasa. Ban taɓa jin tsoro irin na yinin nan ba, don na san in ruwa ya ci shi, ni na miƙa shi. Sai bayan la'asar ya ɓullo, jiƙe sharkaf, yana kwarfar ruwa da ƙwarya. Na rungume ƙafafunsa ina kuka. Ya fizge ya wuce, bai kula ni ba sai da Sallah ta zo.

Makon jiya ɗana ya nuna mini wasu tsofaffin Turawa a waya, gashi fari fat, suna bikin cika shekara hamsin da fara kiɗa. Ga ƙoƙon kan nan da ƙahoninsa a bayansu. Ya ce layukan da ake bugawa a irin rigunan nan garuruwan da suka je wasa ne kawai, da ranakun wasan. Na yi dariya har da hawaye, na ce ya ƙara sautin. Su masu ihun suna nan da ransu. Idi kuwa shekara uku ke nan da rasuwa, zazzaɓi ne na kwana biyu, cikin rani, kogi ya ja baya. Ranarsa ba a rubuta ta a bayan kowace riga ba, shi ya sa ban samu abin da zan jefa a ruwa ba.