Faifan da ke Jikin Ƙusa

Shekara talatin da biyu Baba Mai Haƙora ya yi yana yanka faifan ƙarfen nan da sarƙar keke ke hawa a kai. A rumfa ya fara da magagari ɗaya, har ya kai ga shago mai ma'aikata shida. Babban yatsansa ne ma'auninsa.

Da hannunsa ya soma rawa, babbar 'yarsa ta karɓi shagon, ta sayo inji mai kwafar duk abin da aka ba shi. Ba a rufa wata ba masu gyaran keke suka fara dawo da kaya, wai sarƙa sai zamewa take yi.

Baba ya dogara sanda ya zo. Yana shafa faifai ɗaya ya ji haƙoransa ba daidai suke ba. Ya dubi bango, sai ƙusa kawai.

"Ke! Ina faifan da ke rataye a nan?"

"Shi muka ba injin ya kwafa, Baba. Ba shi ne samfurinka ba? Kullum sai ka tsaya ka dube shi kafin ka fara aiki."

Baba ya zauna daɓas a benci, ya riƙe baki.

"Innalillahi! Ai faifan farko da na ɓata ke nan, 'yar nan. Shi ya kayar da kawunki har ya karye. Na rataye shi ne don kar in kuma. Guda nawa kuka yi?"

Ta kasa kallonsa.

"Dubu huɗu, Baba."