Mai Zane da Gesche Mai Kifi

Kwana uku ke nan wani mai zane yana zama kusa da rumfata a kasuwar Bremen. Burushi bakwai gare shi, maɓalli biyu kacal a kwat, gemu duk ɗigon fenti. Daga gani, ba shi da mai tambayarsa ko ya karya.

Gesche mai kifi yake zanawa tana aikinta, saura fuska ya gama. Sai wani ya tsegunta mata. Yau ga ta da rigar zuwa coci da hula mai gashin tsuntsu, ta ƙame kamar soja.

"Baiwar Allah, koma yadda kike jiya mana," in ji shi.

"Cikin ƙarni? Jikokina su gan ni haka? Zana kawai, malam!"

Har na sayar da kabeji goma sha tara, hannunsa bai motsa ba.

Can wata mata ta shinshina kifin. "Anya bai kwana ba?"

Gesche ta yi wurgi da hula, ta riƙe ƙugu. "Hancinki ne ya kwana!"

Mai zanen nan, harshe a waje, burushi sai gudu yake. Na tabbata addu'a yake kada matar ta ba da haƙuri da wuri.